Assawira, Birni Mai Ganuwa a Gaɓar Baharul Muhiɗi

Daga cikin garuruwan ƙasar Maroko da Allah Ya nufe ni da ziyarta, babu wanda labarinsa ya fi cancantar shiga kunnen mutanenmu kamar Assawira, wadda a da Turawa ke kira Mogador, domin kuwa a nan ne ayarin raƙuman da ya taso daga Tambutu yakan sauke kayansa a bakin jiragen ruwa, har aka riƙa yi mata laƙabi da tashar jiragen Tambutu, alhali kuwa Sahara ce sukutum a tsakaninsu. Wanda ya taso daga Marrakish ya nufi yamma, bayan tafiyar kamar sa'a uku a mota, yana ratsa dajin itatuwan argan da ake tatsar mai daga ƙwallonsu, sai ya hangi fararen soraye a cikin ganuwa, raƙuman ruwan Baharul Muhiɗi, watau Tekun Atlantika, suna dukan gindinta dare da rana.

Tadbirin sarki guda ne ya kafa wannan birni. Sultan Sidi Muhammadu ɗan Abdullahi, wanda ya hau gadon sarauta a 1757, da ya lura cewa kuɗin fiton tashar Agadir yana ƙarfafa masu yi masa tawaye a kudancin ƙasa, kuma fadarsa ta Marrakish ba ta da wata tasha amintacciya kusa da ita, sai ya yi azamar gina sabon birni wajen shekarar 1765, ya ɗauko wani Bafaranshe masanin ginin garuruwan yaƙi, mai suna Théodore Cornut, ya zana masa fasalinsa. Sa'an nan ya umarci fataken Turai su bar Agadir su dawo nan, domin duk hajar da za ta shiga ko ta fita ta bi ta ƙofa guda, a idon masu karɓar ushirar sarki. Saboda haka ne baƙo zai tarar manyan titunan Assawira miƙaƙƙu ne, suna gilma juna bisa ƙa'ida, saɓanin lungunan Fas da ke ɓatar da wanda bai san gari ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne hawa kan ganuwar da ke fuskantar teku, wadda suke kira Sukala. Ganuwarmu ta Kano da ƙasa aka gina ta domin tare mahaya dawaki, amma wannan da dutse aka yi ta domin jure harbin jiragen yaƙi, kuma bisanta akwai faɗi ƙwarai, an jera igogin tagulla kowace da bakinta cikin tagarta. Na sunkuya na duba jikin wata igwa, sai ga tambarin sarautar Sifen a kanta, gishirin teku ya mai da tagullar kore shar, bayanta kuwa ya yi sumul saboda yawan zaman yara. Iska a wurin ba ta hutawa, mai hula sai ya dafe ta da hannu. Amma fa duk wannan shiri bai hana ƙaddara ba, gama a watan Agusta na 1844 jiragen Faransa suka yi wa garin ruwan wuta, don horon Sultan na lokacin bisa taimakon da Amir Abdulƙadir na Aljeriya yake samu daga Maroko.

A ƙarƙashin ganuwar, cikin ɗakunan da a da ake ajiye kayan yaƙi, yanzu masassaƙa ne ke zaune suna aikin icen arar mai ƙamshi, suna yin akwatuna da faranta, suna dasa musu ado da icen lemo. A tashar jirage kuwa masunta ne da shuɗɗan kwalekwalensu, ana gasa kifi nan take, tsuntsayen teku na shawagi suna jiran a jefar da hanji.

A zamanin da kasuwar ke ci, ayari yakan kawo zinariya da hauren giwa da gashin jimina da ƙaro, ya koma da tufafin Ingila da sukari da ganyen shayi. Dillancin wannan ciniki mafi yawa yana hannun attajiran Yahudawa da sarki ya kira ya ba su amana, aka san su da Tujjarus Sulɗan, kuma unguwarsu tana nan har gobe, ko da yake zuriyarsu sun ƙaura bayan tsakiyar ƙarni na ashirin.

Sai dai wajibi ne mai ba da labari ya faɗi gaskiya ko da ɗaci: cikin abin da ayarin ke korowa har da 'yan Adam. Zuriyar bayin nan da aka ƙetaro da su daga ƙasashen Sudan, watau na kudu da Sahara, su ne tushen jama'ar da ake kira Ginawa, waɗanda ke jingina kansu ga Sayyidina Bilal, Allah Ya yarda da shi, har suna da zawiya da sunansa a cikin birnin. Ma'alliminsu yana kaɗa wani babban molo mai tsirkiya uku, mabiyansa na kaɗa sambani na ƙarfe, a kwana ana waƙa da turaren wuta don neman waraka ga marasa lafiya. Masu bincike kuma sun sami kalmomin Hausa da na Bambaranci a cikin waƙoƙin, sun ga kusancin al'adar da bori. Da na ji amon sambanin nan yana fitowa daga wani lungu bayan sallar isha'i, ban buƙaci tafinta ba kafin in gane daga wace nahiya ya fito.

Da Faransawa suka ci Tambutu a 1894, hajar Sudan ta juya zuwa tashoshin Afirka ta Yamma, bayan 1912 kuma suka mai da himmarsu ga Kasabulanka, sai kasuwar Assawira ta mutu. Cikin hikimar Ubangiji, wannan koma baya shi ne ya tsare ta, domin ba a sami masu kuɗin da za su rushe tsohon gini su kafa sabo ba, har Hukumar UNESCO ta shigar da birnin cikin kayan tarihin duniya a 2001, kiɗan Ginawa kuma, wanda aka fara yi wa babban bikin shekara-shekara a 1998, ya sami irin wannan martaba a 2019.

Shawarata ga ɗan'uwan da Allah Ya kai shi Maroko ita ce kada ya wadatu da ɗaukar hoto a gindin igwa. Ya nemi zawiyar Sidna Bilal, ya yi sallama da ladabi, ya yi wa waɗanda suka ƙetare Sahara ba da son ransu ba addu'ar rahama, domin wani yanki na tarihin ƙasashenmu a can yake.