Kunna sabuwar waya: wace dabara ce ta cancanci haƙƙin ƙirƙira?

Kafin sabuwar waya ta kama sabis, sai kamfanin sadarwa ya tantance ta, ya ɗora mata bayanan layi. A da katin SIM ke ɗauke da su. Yanzu da eSIM ta intanet ake turowa, har iPhone 14 da aka sayar a Amurka a 2022 ba ta da ramin kati. Kamfanoni sun yi rajistar haƙƙin ƙirƙira a kan waɗannan matakai, haƙƙin kuwa yakan kai shekara 20, shi ya sa rigima ba ta ƙarewa.

Sashe na 103 na dokar ƙirƙira ta Amurka ya hana ba da haƙƙi a kan abin da ƙwararre a fannin zai hango da kansa. A shari'ar KSR da Teleflex a 2007, Kotun Ƙoli ta ce haɗa sanannun dabaru, kowacce tana aikinta na da, galibi ba ƙirƙira ba ne. Tun 2012 kuma ana kai ƙorafin cewa wani haƙƙi ya saɓa wa wannan sashe gaban PTAB, kwamitin da ke sauraron ƙararrakin haƙƙin ƙirƙira.

A ce wata tsohuwar takarda ta nuna waya tana aika lambar shaidarta ta IMEI ga kamfani, wata kuma ta nuna kamfani yana turo saituna ta iska. Mai ƙorafi sai ya kawo dalilin da zai sa injiniya ya haɗa su tun kafin a nemi haƙƙin. Nan ne wuyar take, domin bayan an ga amsa komai sauƙi ne. Duk da haka, a ganina, matsa wa masu neman haƙƙi ya dace: haƙƙin da aka bayar a banza, kuɗinsa a kan mai sayen waya yake ƙarewa.