Ragowar fenti mai mai: ina za a kai ta?

Daf da salla, duk wanda ya ratsa babbar kasuwar Maraɗi ko kasuwar Dole ta Damagaram zai ji warin fenti. Ƴan kasuwa na sabunta ƙofofin kantuna, ma'aikata na gyaran gidaje. Aiki ya ƙare, mai fenti ya karɓi kuɗinsa, sai a bar maigida da rabin gwangwani da tsummoki.

Fenti mai mai, wanda ake tsinkawa da kananzir ko isansi, ba ya narkewa cikin ruwa. In aka tuttula shi a lambatu, ruwan damina zai kwashe shi zuwa tabkin da dabbobi ke sha. In aka ƙone shi a juji, unguwa ce ke shaƙar hayaƙin.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne dalma. Ana sa ta cikin wasu fentoci don launi ya yi kyau, musamman ja da rawaya, ko don su bushe da wuri. Amurka ta hana ta a fentin gidaje tun 1978, Kamaru ta kafa tata doka a 2017. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga aikinta a 2010, lokacin da ƙurar dutsen zinariya mai dalma ta hallaka yara kimanin 400. Ko ba ta kashe ba, tana dakushe ƙwaƙwalwar yaro, kuma ba ta gyaruwa. Amma sau nawa muke ganin gwangwanin fenti ya koma na ɗiban ruwa, ko mazubin gero? Wanki ba ya fitar da shi daga zargi.

A Faransa akwai wuraren da aka ware don karɓar irin wannan shara. Mu a nan, sai kowa ya yi dabara. Mafi sauƙi shi ne a ƙarar da fentin: a ƙara wa ƙofa shafi na biyu, ko a ba maƙwabci. Wanda zai ajiye, ya shimfiɗa leda a bakin gwangwanin, ya danne marfin, ya sa a inuwa nesa da murhu da hannun yara. Ɗan guntun da ya rage a shafe shi bisa tsohon kwali, ya bushe ƙamas kafin a zubar. Kananzir ɗin wanke buroshi kuwa, in ya kwanta cikin kwalba rufaffiya, sai a tsiyaye na sama a sake aiki da shi.

Tsummokin ma a kula. In aka dunƙule su wuri guda, man yana ɗaukar zafi yayin bushewa, har su kama wuta ba ashana. A shanya su ɗai-ɗai a fili, kada su kwana cikin kanti.