Raspberry Pi ba memori: abin da ke sa ta tsaya cak bayan ta tashi

Idan Wi-Fi ya ɗauke, wayarka ba ta mutuwa, domin Android na zaune a cikinta. Ba haka abin yake ba ga Raspberry Pi, 'yar kwamfutar nan mai girman katin ATM, idan aka saita ta ta tashi ta netwok.

Tun daga samfurin Pi 3 na 2016 tana iya kunnuwa ba memori. Da ta samu wuta sai ta roƙi lambar IP, ta jawo fayilolin tashi daga saba ta TFTP, ta ci gaba da karanta komai daga can ta NFS. Makaranta mai Pi talatin, saba ɗaya za ta riƙa gyarawa.

Rigimar bayan tashi take. Manhajar kula da haɗi, irin NetworkManager da Raspberry Pi OS ta koma wa a 2023, tana iya sakin lambar don neman sabuwa. Nan take hanyar saba ta yanke, ita kanta manhajar ta kasa karanta fayilolinta, allo ya daskare.

Gyaran ba wuya: a hana ta taɓa eth0, wato ƙofar kebul, a bar mata Wi-Fi kaɗai, sannan a keɓe wa kowace Pi lambar da ba ta canzawa.