Me Ya Sa Hannu Ke Ƙaiƙayin Yage Fakiti Na Gaba? Kimiyyar Tara Katunan Besbol

A ƙarshen shekarar 2024, wani yaro ɗan shekara 11 a yankin Los Angeles na Amurka ya samu kyautar kwalin katunan 'yan wasan besbol a bikin Kirsimeti. Yana cikin yage fakitocin da ke kwalin sai ya ci karo da shaidar cewa shi ne ya dace da katin da masu tara katuna suka yi makonni suna nema: katin Paul Skenes, matashin mai jefa ƙwallo na ƙungiyar Pittsburgh Pirates. Katin yana ɗauke da sa hannun ɗan wasan, da ɗan ƙyallen da ke liƙe a rigarsa ranar da ya fara buga babbar gasar MLB. Guda ɗaya tak aka yi a duniya. Ƙungiyar Pirates ta yi tayin ba da kujeru biyu na kallon wasa har shekara 30 a madadinsa, amma iyalin yaron suka zaɓi gwanjo. A watan Maris na 2025 aka sayar da shi dala miliyan 1.11.

Labarin yana da daɗin ji. Amma ka tuna, a daidai wannan lokaci mutane masu ɗimbin yawa sun yage fakitoci irin nasa ba su samu komai ba sai katunan da ba su kai kuɗin da suka biya ba. Kuma da yawansu sun koma kanti sun sake saye. To, mene ne ke mayar da su? Amsar tana cikin ƙwaƙwalwa, tana kuma cikin lissafi.

Daga fakitin taba zuwa fakitin cingam

Besbol wasa ne da ake yi da sanda da ƙaramar ƙwallo, ya fi karɓuwa a Amurka da Japan da Kuba da Jamhuriyar Dominika. Katin besbol kuwa ɗan kwali ne da bai cika tafin hannu ba, da hoton ɗan wasa a gaba, bayanan ƙwazonsa a baya.

A shekarun 1880 kamfanonin taba sigari a Amurka suka fara saka irin waɗannan katuna a cikin fakitinsu, don su tallafe sigarin kada ta karye, su kuma ja hankalin masu saye. Daga baya sana'ar ta koma hannun masu cingam. Kamfanin Topps ya fitar da jerinsa mafi shahara a 1952, kuma sai a farkon shekarun 1990 ya daina haɗa katunan da cingam.

Tsofaffin katunan nan ne yau suke tsada. Katin Honus Wagner, na jerin da aka buga tsakanin 1909 da 1911, an daina buga shi da wuri domin ɗan wasan bai amince ba, kuma waɗanda suka rage ba su wuce 'yan gomomi ba. An sayar da ɗaya dala miliyan 7.25 a 2022. A shekarar ce kuma aka sayar da katin Mickey Mantle na 1952 dala miliyan 12.6. Dalilin tsadar ba boyayye ba ne. Yaran wancan zamani wasa suke yi da katunan, su lanƙwasa, su maƙala a tayar keke don ta riƙa ƙara, iyaye kuma su share su zubar. Kaɗan ne suka tsira lafiya.

Da mutane suka farga cewa tsohon kati dukiya ne, sai kowa ya shiga saye yana adanawa. Kamfanoni su ma suka buɗe injin, suka yi ta bugawa babu ƙaƙƙautawa daga wajen 1987 zuwa 1994. Sakamakon? Mafi yawan katunan wannan zamani yau ba su da wata daraja, domin abin da kowa ya ajiye ai ba ya wuya.

Daga nan kamfanonin suka koyi darasi: idan ƙaranci ne ke kawo daraja, to a ƙirƙiro shi tun daga masana'anta. A 1990 kamfanin Upper Deck ya ɓoye katuna 2,500 masu sa hannun Reggie Jackson a cikin fakitocinsa. Sannu a hankali aka zo da katuna masu yankin rigar ɗan wasa, da masu lamba a jiki da ke nuna guda 99 ko 25 kawai aka buga, har zuwa "ɗaya cikin ɗaya" irin na Skenes. Ka ga fakiti ya tashi daga kunshin hotuna, ya zama kunshin sa rai.

Abin da tattabara ta koya mana

Masanin halayyar ɗan Adam B.F. Skinner ya shafe shekaru yana gwaji da ɓeraye da tattabaru. Yakan saka tattabara a akwati, idan ta caki wani maɓalli da baki sai hatsi ya fito. Shi da Charles Ferster sun tattara sakamakon irin waɗannan gwaje-gwaje a wani littafi da suka wallafa a 1957.

Ga abin da ya shafe mu. Idan kowace caka tana kawo hatsi, ranar da aka rufe hatsin tattabara ba ta daɗewa take haƙura. Amma idan hatsin yana zuwa ba tsari, wani lokaci bayan caka uku, wani lokaci bayan arba'in, sai ta yi ta caka babu hutu, kuma ko an rufe hatsin gaba ɗaya takan daɗe ba ta daina ba. Me ya sa? Domin a wurinta, dogon shiru ba alamar ƙarewa ba ce. Ta saba da shi. Wataƙila na gaba ne.

Fakitin kati a kan wannan tsari yake tafiya. Fakiti goma na banza ba sa kashe maka gwiwa, domin tun farko ka san haka abin yake.

Dofamin da daɗin rashin sani

Za ka ji ana cewa dofamin "sinadarin jin daɗi" ne. Maganar ba ta cika ba. A shekarun 1990 Wolfram Schultz da abokan aikinsa sun auna aikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu sakin dofamin a birai. Idan aka ɗiga wa biri ruwan 'ya'yan itace ba zato, ƙwayoyin sukan zabura. Idan aka koya masa cewa wata alama ce ke zuwa kafin ruwan, sai zaburar ta koma kan alamar, ruwan kansa ya daina tayar da su. Idan kuma alamar ta zo ruwan bai biyo ba, sai aikinsu ya faɗi ƙasa da yadda yake a da. Wato abin da ƙwayoyin ke aunawa shi ne tazarar da ke tsakanin abin da aka zata da abin da aka samu.

A 2003 Schultz tare da Christopher Fiorillo da Philippe Tobler suka ƙara gano wani abu. A ɗan lokacin jira tsakanin alama da lada, aikin ƙwayoyin yakan riƙa hauhawa a hankali, kuma hauhawar ta fi ƙarfi idan damar samu rabi da rabi ce, wato lokacin da rashin tabbas ya kai ƙarshe. A kan birai aka yi gwajin, ba a kan masu tara kati ba, amma ya taimaka wajen fahimtar abin da masu sha'awar ke faɗa da bakinsu: daɗin yana cikin 'yan daƙiƙun nan da kake zare katunan ɗaya bayan ɗaya.

Kent Berridge na Jami'ar Michigan ya nuna cewa a ƙwaƙwalwa, son abu daban yake da jin daɗinsa, kuma dofamin ya fi alaƙa da son. Shi ya sa mutum zai iya gama buɗe kwali ransa a ɓace, amma hannunsa na ƙaiƙayin wani.

Akwai kuma tarkon "saura ƙiris". A 2009 Luke Clark da abokan aikinsa a Jami'ar Kambirij sun nuna cewa idan mai wasa da injin caca ya kusa ci bai ci ba, sassan ƙwaƙwalwar da ke motsawa lokacin nasara sukan motsa, kuma sha'awar ci gaba takan ƙaru. Ka zaro kati mai sheƙi, gabanka ya faɗi, ka duba ka ga ba ɗan wasan da kake nema ba ne. Asara ce, amma ji za ka yi kamar ka matso kusa.

Bari mu yi lissafi

A jikin fakiti ko a shafin kamfani akan rubuta damar samun kowane irin kati na musamman. A ce an rubuta 1 cikin fakiti 100. Da yawa sukan ɗauka cewa fakiti 100 sun isa. Ba haka ba ne. A kowane fakiti, damar rashin samu kashi 99 cikin 100 ce. Idan ka ninka 0.99 da kansa sau 100 za ka samu kusan 0.37. Ma'ana, cikin mutum uku da kowannensu ya sayi fakiti 100 daga wurare daban-daban, kusan ɗaya zai tashi hannu rabbana. Kuma fakiti na 101 bai san ka sha wahala a baya ba. Damarsa tana nan 1 cikin 100.

To wanda ba ya neman kati mai tsada fa, burinsa kawai ya cika jeri? Kashin farko na babban jerin Topps na 2024 katuna 350 ne. A ce kowane kati da ka zaro yana da damar fitowa daidai da sauran. Da farko abin daɗi ne, kusan kowane kati sabo ne. Don ka samu rabin jerin, wato 175, a matsakaici katuna kusan 240 za ka zaro. Daga nan sai maimaici ya fara yawa. Idan saura goma, za ka buƙaci katuna sama da 1,000 kafin ka cike su. Na ƙarshe shi kaɗai, a matsakaici sai ka zaro 350. Jimilla kusan katuna 2,250 don cika gurbi 350, fiye da ninki shida kenan.

Kamfanoni suna tsara kwalayensu ta yadda maimaici zai ragu a cikin kwali guda, don haka lambobin zahiri sukan ɗan bambanta. Amma siffar lissafin ba ta canzawa: farko sauƙi, ƙarshe tsada. Wannan ne ya sa musaya ta zama ginshiƙin wannan sha'awa tun asali. Maimaicinka shi ne abin da wani ke nema.

Shin caca ce?

An kai wannan tambaya kotu a Amurka. A shekarun 1990 wasu masu saye sun yi ƙarar kamfanonin kati, suna cewa ɓoye katuna masu tsada a fakiti caca ce. A 2002 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yi watsi da irin wannan ƙara, bisa hujjar cewa masu sayen sun samu abin da suka biya, wato katuna da damar dacewa, don haka ba su nuna asarar da dokar ke nufi ba. Kotun ba ta ce ƙwaƙwalwa na bambance su da caca ba, ba wannan aka tambaye ta ba.

Ko ba ka taɓa riƙe katin besbol ba, mai yiwuwa ka san wannan tsari. Wasannin ƙwallon ƙafa na waya da na kwamfuta suna sayar da fakitin 'yan wasa da ba ka san waye a ciki ba sai ka biya ka buɗe, da walƙiya da kiɗa kafin fuska ta bayyana. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke cewa irin waɗannan akwatunan sa'a da ake saye da kuɗi, a wasu wasannin da ta bincika, sun saɓa wa dokar cacar ƙasar. Idan ɗanka ko ƙaninka yana yawan roƙon kuɗi don "fakiti ɗaya kawai", tattabarar Skinner ta riga ta ba ka labarin abin da ke faruwa.

Duk da haka, tara kati ba ciwo ba ne. Mutane da yawa suna samun nishaɗi na gaske a ciki: uba da ɗa su zauna suna jera katuna, a koyi tarihin wasa, a yi abokai ta hanyar musaya. Bambancin yana ga abin da kake saye. Gogaggun masu tarawa sukan ba sababbi shawara guda: idan wani kati kake so, saye shi kai tsaye, ya fi arha nesa ba kusa ba a kan farautarsa a fakiti. Idan kuma daɗin buɗewar kake so, to ware kuɗinsa tun kafin ka shiga kanti, ka ɗauke shi kamar kuɗin kallon wasa, wanda ba ka sa ran ya dawo.

Ga gwaji mai sauƙi da za ka yi wa kanka. Bayan ka gama buɗewa, duba katunan da ke gabanka. Idan kana sha'awar ka jera su, ka karanta bayansu, ka nuna wa wani, to kai mai tarawa ne. Idan kuwa ka ture su gefe ko kallo ba su ishe ka ba, hankalinka ya riga ya tafi kan fakiti na gaba, to lokaci ya yi da za ka zauna ka ƙirga abin da ka kashe a watan nan.