Waziri Buhari: Biyayya Ga Wa?

Mu mutanen Sara, idan aka ambaci yaƙin Basasa, Takai muke fara tunawa, inda Yusufawa suka kafa sansani. Kaɗan ne ke tuna wanda ya naɗa Tukur sarautar Kano a 1893, wato Wazirin Sakkwato Muhammadu Buhari, jikan Giɗaɗo da Nana Asma'u. Umarnin Sarkin Musulmi Abdurrahman ya zartar, alhali jama'a da dama na bayan Yusufu. Ya yi biyayya, Kano ta biya da jini.

Bayan shekara goma, ranar 15 ga Maris 1903, Turawa suka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru ya nufi gabas da niyyar hijira, ya yi shahada a Burmi cikin Yuli. Waziri kuwa ya komo gari ya miƙa wuya, ya riƙe wazirci ƙarƙashin Attahiru na Biyu har rasuwarsa a 1910.

Akwai masu ganin wannan cin amana ne. Ni ban yarda ba, mai karatu. A risalar da ya rubuta wa malamai, da taƙiyya ya kafa hujja: harshe ya amsa wa Bature, zuciya ta ƙi. Mu ɗaliban harshe mun san nauyin wannan rabuwa. A wannan karon babu sarkin da zai ba shi umarni; shi kaɗai ya dubi tsofaffi da raunanan da ba su da guzurin hijira, ya zauna tare da su. Duk da haka hankalinsa bai kwanta ba sai da ya nemi fatawar malamai.