Abin da ya kamata ku sani game da shafa kala a zanen jarumai da ƙarfin yatsun yara

Yaron da ake fama da shi ya zauna ya rubuta baƙi ɗaya, a miƙa masa takarda mai zanen Spider-Man da jar kala, nan take zai kwanta rubda ciki ya duƙufa. Iyaye da yawa suna ganin ɓarnar takarda ce kawai. Alhali aikin da yatsunsa ke yi a lokacin, shi ne za su yi ranar da malami ya ce a kwafi abin da ke kan allo.

Hannun babban mutum yana da ƙasusuwa 27. A wurin jinjiri kuwa, na wuyan hannu guringuntsi ne, sai a hankali suke yin ƙwari cikin shekaru. Iya sarrafa hannu ma daga sama yake saukowa: kafaɗa tukuna, sai gwiwar hannu, sai wuyan hannu, yatsu su zo a ƙarshe. Shi ya sa ɗan shekara ɗaya da rabi yake dunƙule kala a tafin hannu, yana zane da dukkan damtsensa. Tsakanin shekara 2 zuwa 3 sai ya kife hannu, yatsu suna kallon takarda. Wajen shekara 4 ya fara riƙewa da babban yatsa da manuni da na tsakiya, amma a sandare. Yawanci sai tsakanin shekara 5 zuwa 6 yatsun ke motsa fensir da kansu, hannu yana hutawa a kan takarda. Wani yaron ya yi sauri, wani ya yi nawa. Tilasta wa ɗan shekara 3 cika shafi da rubutu ba ya gaggauta komai, sai dai ya sa masa ƙin fensir.

To, mene ne na jarumai a ciki? Su dai daga mujallun zane na Amurka suka fito: Superman a 1938, Batman a 1939, Spider-Man da Hulk a 1962. Babu wani sirri a jikinsu da ke ƙarfafa yatsa. Amfaninsu shi ne yaro ya san su daga talabijin da jakar makaranta, don haka zai jure zama, kuma jurewar ita ake nema. Ga shi an zana su da layi mai kauri da launuka kaɗan masu haske.

Sannan kayan jikinsu sun zo hawa-hawa. Jan mayafin Superman da koren ƙirjin Hulk fili ne mai faɗi, daidai da ɗan shekara 3 da hannunsa ke shara. Garkuwar Captain America zobba ne a cikin zobba, ja da fari, da farin tauraro a kan shuɗi a tsakiya. Ita ke koya wa ɗan shekara 4 bin lanƙwasa da tsayawa a bakin layi. Rigar Spider-Man ita ce mai wuya. Saƙar gizo-gizon da ke jikinta ta raba ta ƙananan gidaje, kowanne sai yaro ya kafa wuyan hannu ya bar yatsu su yi aiki. Ku lura da shi a nan: zai rage gudu, ya danne takarda da ɗaya hannun, wani har da fito da harshe. Black Panther kam, duk da farin jininsa tun fim ɗin 2018, bai cika amfani a wannan aikin ba, domin kusan baƙi ne daga sama har ƙasa.

Kada ku ji haushi idan kala ta karye. Guntuwar ta fi, domin ba ta da tsawon da za a dunƙule ta, dole yatsu uku su kama. Wani lokaci a manna takardar a bango, yaro ya yi a tsaye, kafaɗa da wuyan hannu su samu nasu rabon. Idan ya gama, a ba shi almakashin yara mara tsini ya yanke garkuwar, babba yana kusa. Minti 10 zuwa 15 sun isa. Idan ya fita daga layi, ko ya mai da Superman ruwan ɗorawa, a ƙyale shi.

Manhajar waya da ake taɓawa launi ya cika da kansa ba ta maye gurbin takarda. Yatsa ɗaya ne ke dangwala, babu riƙo, babu dannawa.

Ba sai an sayi littafi mai tsada ba. Shafi ɗaya a kai wa mai fotokwafi ya ishi yaran gida duka, ko yayansu ya zana musu a bayan kwali. Gidan da ba a son hoton mai rai, garkuwa da tauraro da motar Batman za su yi aikin. A kuma riƙa gaya wa yaro cewa tashi sama a zane kawai ake yi, kada ya ɗaura zanin uwarsa a wuya ya hau katanga.

Kusan mutum ɗaya cikin 10 bahago ne. Idan yaro bahago ne, a koya masa cin abinci da karɓar kaya da dama kamar yadda aka saba, amma fensir a bar masa a hannun da ya fi masa sauƙi.

Idan yaro ya kai shekara 5 har yanzu yana dunƙule fensir, ko ba ya iya kwaikwayon da'ira, ko maɓallin riga da cokali suna gagararsa, ko kun ga hannu ɗaya ba ya amfani da shi sam, ku kai shi asibiti likitan yara ya duba shi.