Abin da ke faruwa a cikin gaɓar da ta kumbura

A ofisoshin Abuja, da wuya a rasa wanda ke ɗora wa na'urar sanyaya ɗaki alhakin ciwon gwiwarsa ko na yatsunsa. Wani yakan ce tun da aka mayar da teburinsa ƙarƙashin na'urar sanyi ya shige shi, wata kuma ta ce iskar asubar da take shaƙa a hanyar Mararaba zuwa Sakatariya ce ta kama mata ƙashi. Sunan da muka ba wa cutar ma ya riga ya yanke hukunci, wato sanyin ƙashi. To amma duk wanda ya ɗora bayan hannunsa a kan gaɓar da ta kumbura zai ji ɗumi ne a wurin. Wannan ɗumin shi ne bakin zaren, domin alama ce ta cewa jini ya taru, kuma garkuwar jiki tana aiki a inda babu maƙiyin da ya shigo.

Kalmar amosanin gaɓɓai rumfa ce da ta lulluɓe cututtuka da yawa. Uku ne suka fi yawa a cikinsu: lalacewar guringuntsi da ke zuwa da shekaru da nauyin jiki, sai amosanin da likitoci ke kira rumatoyid, sai kuma gawut. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 528 ne ke fama da na farkon, yayin da miliyan 18 ke fama da rumatoyid, kuma kimanin kashi 70 cikin ɗari na waɗannan mata ne. Rumatoyid ne ya fi ƙarancin adadi, amma shi ya fi saurin naƙasa mai ƙarfin aiki, kuma a kansa ne masu bincike suka fi gano yadda kumburi ke tafiya.

Kowace gaɓa mai motsi tana cikin wata 'yar jaka da aka shafe cikinta da tantani siriri. Kaurin fuskar tantanin bai wuce ƙwayoyin halitta biyu zuwa uku ba. Aikinsa shi ne samar da ruwa mai yauƙi da ke sa ƙashi ya zame a kan ɗan'uwansa, kuma da ruwan ne guringuntsi ke samun abinci tunda ba shi da jijiyoyin jini. A cutar rumatoyid wannan tantani ne filin daga. Yana kauri ninki-ninki, sababbin jijiyoyin jini suna tsiro a cikinsa, fararen ƙwayoyin jini suna kwararowa su yi sansani, har ya zama wata tsoka da ke rarrafe a kan guringuntsi tana cin sa daga gefe.

Abin mamaki shi ne rikicin yakan fara ne nesa da gaɓa, kuma shekaru kafin mutum ya ji ciwon farko. A cikin jiki akwai wani sinadari da ke sauya ɗaya daga cikin tubalan da ake gina furotin da su, ya mayar da arjinin ya zama sitirulin. Wannan sauyi yana faruwa a jikin kowa, amma yana ƙaruwa a huhun mai shan taba, kuma an gano cewa ƙwayar cutar da ke ruɓar da dasashi ita ma tana da irin wannan sinadarin. Ga yawancin mutane abin yana wucewa salin-alin. Ga wanda ya gaji wani nau'i na ƙwayar gadon da ake kira HLA-DRB1 kuwa, garkuwar jikinsa tana kallon furotin ɗin da aka sauya a matsayin baƙo, sai ta ƙera masa makamai. Waɗannan makamai su ne ake nema a gwajin jinin da ake kira anti-CCP, kuma da aka koma aka binciki tsohon jinin da wasu suka bayar gudummawa, an same su a jikin mutane shekaru kafin gaɓɓansu su fara ciwo. Gado shi kaɗai ba ya wadatarwa, taba ita kaɗai ma haka, amma idan suka haɗu haɗarin yana ninkuwa sosai.

Da zarar faɗan ya isa tantanin gaɓa, ƙwayoyin garkuwa sukan fara aika wa juna saƙo ta wasu ƙananan furotin da ake kira saitokin. Manyansu a nan uku ne: TNF da IL-1 da IL-6, kuma yawancinsu daga makurofej suke fitowa, wato manyan fararen ƙwayoyin da aikinsu na asali shi ne haɗiye ƙwayoyin cuta. TNF yana sa bangon jijiyoyin jini ya yi danƙo domin fararen ƙwayoyi su manne su kutsa cikin gaɓa. Yana kuma zuga ƙwayoyin tantanin su saki sinadarai masu narkar da guringuntsi. Sai wani saƙon mai suna RANKL, wanda ke tayar da ƙwayoyin da ke rushe ƙashi. A jiki mai lafiya waɗannan ƙwayoyi suna rushe tsohon ƙashi ne domin magina su maye gurbinsa da sabo. A nan kuwa masu rushewa sun rinjayi magina, shi ya sa hoton ƙashi ke nuna 'yan ramuka a gefen gaɓa, kamar inda gara ta ci katako. Abin da ya rushe ta haka, musamman guringuntsi, ba ya komawa yadda yake.

IL-6 shi ne ke fitar da cutar daga gaɓa ya watsa ta a jiki. Shi ke umartar hanta ta samar da CRP, furotin ɗin da likita ke aunawa don sanin ƙarfin kumburi. Shi ne kuma ke sa hantar ta saki hefsidin, wanda ke kulle sinadarin ƙarfe a ma'ajiya, jini ya yi ƙasa ko da mutum yana cin abinci mai kyau. Kasala da ɗan zazzaɓi da rama duk suna da alaƙa da shi, abin da ke sa wasu su sha maganin maleriya da na taifot sau da yawa kafin a gano ainihin matsalar. Yawan IL-6 a jini yana kaiwa ƙololuwa ne da asuba, kuma wannan na daga cikin dalilan da ke sa mai rumatoyid ya wayi gari yatsunsa a sandare, ya kasa ɓalla maɓallin riga ko murɗa famfo, sai an yi sa'a guda ko fiye su saki. Mai lalacewar guringuntsi kuwa sandarewarsa ta safe ba ta cika kai rabin sa'a ba, ciwonsa da aiki da hawan bene yake ƙaruwa.

An daɗe ana ɗauka cewa saƙonnin sun yi yawan da toshe ɗaya ba zai yi amfani ba. A Cibiyar Kennedy da ke Landan, Marc Feldmann da Ravinder Maini suka ɗauki tantanin da aka cire daga gaɓɓan majinyata suka rene shi a ɗakin gwaji, sai suka ga idan aka toshe TNF, IL-1 ma yana sauka. Ashe saƙonnin suna da shugabanci. A 1992 suka gwada maganin da ke kama TNF a kan majinyata 20, sakamakon kuma ya sauya yadda ake jinyar cutar a duniya. An ba su lambar yabo ta Lasker a 2003.

Labarin gawut daban ne, kuma a nan ne kawai sanyi yake da ɗan hannu na gaskiya. Ɗan'adam ba shi da sinadarin da yawancin dabbobi masu shayarwa ke amfani da shi wajen narkar da yurik asid, don haka da ƙoda ya fi dogara wajen fitar da shi. Idan yawansa a jini ya haura kimanin miligiram 6.8 a kowace desilita, sai ya fara daskarewa ya zama 'yan ƙirori masu tsini kamar allura. Sun fi saurin daskarewa a inda jiki ya fi sanyi, shi ya sa babban yatsan ƙafa ne ya fi shan wahala, kuma cikin dare. A 2006 ne masu bincike a Lozan ta ƙasar Suwizalan, ƙarƙashin Jürg Tschopp, suka nuna yadda abin yake: makurofej yana haɗiye allurar, wani tarkon furotin da ke cikinsa mai suna NLRP3 ya tashi, ya saki IL-1 mai yawa, cikin 'yan sa'o'i gaɓar ta cika da fararen ƙwayoyin jini. Ciwon yakan kai matsayin da ko mayafi mutum ba ya so ya taɓa yatsan. Bayan mako ɗaya ko biyu sai ya lafa da kansa, kuma wannan lafawar ce ke yaudara, domin alluran suna nan ba su narke ba. Farfesun kayan ciki da balangu da lemon kwalba mai zaƙi da giya duk suna ƙara yurik asid, amma a wurin mafi yawan masu cutar gazawar ƙoda wajen fitar da shi ce tushe, kuma wasu magungunan hawan jini masu sa fitsari suna ƙara tsananta ta. Ƙaurace wa nama kaɗai ba ya cika wadatarwa. Maganin alofurinol ne ke rage samar da asid ɗin, ana kuma so a saukar da shi ƙasa da miligiram 6 a riƙe shi a nan.

Lalacewar guringuntsi ma, da aka daɗe ana ɗauka sudewa ce kawai irin ta tayar mota, tana da nata kumburin mai tafiyar hawainiya. Ɓarɓashin guringuntsi yana tunzura tantanin gaɓa, kitsen jiki kuma yana sakin nasa saitokin, dalili ke nan da ake dangantawa da yadda masu ƙiba ke samun ciwon har a yatsun hannu, waɗanda ba sa ɗaukar nauyin kowa.

Duk wannan bayani yana da amfani ne a gaban kantar mai sayar da magani. A 1971 John Vane ya nuna cewa asfirin yana aiki ne ta hanyar hana jiki samar da furostagilandin, sinadarin da ke sa jijiyar ciwo ta ƙara ji. Daikulofenak da ibufurofen duk haka suke aiki. Suna rage zafi ƙwarai, amma ba sa taɓa TNF ko RANKL, don haka ƙashi yana ci gaba da rushewa a ɓoye yayin da mai shi ke murnar ya samu sauƙi. Bugu da ƙari, furostagilandin ɗin ne ke kare bangon ciki kuma yake taimaka wa jini ya kai ƙoda, saboda haka shan waɗannan magunguna na watanni kan jawo gyambon ciki da raunin ƙoda.

Na biyu shi ne deksametazon da firedinisolon, waɗanda kan ɓuya a cikin haɗin ƙwayoyin da ake ƙulla wa mutane a leda babu suna. Tarihinsu ya faro ne a 1948, lokacin da Philip Hench na Asibitin Mayo a Amurka ya ba wata matashiya da rumatoyid ya kwantar kotizon, cikin 'yan kwanaki ta miƙe tana tafiya. Shekara biyu bayan haka aka ba shi kyautar Nobel tare da wasu masana biyu. Ba a jima ba kuma aka ga kuɗin da jiki ke biya: kumburin fuska, hawan jini, ciwon sukari, raunin ƙashi, yanar ido. Likitoci suna amfani da su har yau, amma a matsayin gada ta ɗan lokaci. Wanda ya daɗe yana sha kuma bai kamata ya yanke su dare ɗaya ba, domin jikinsa ya rage samar da nasa.

Maganin da ke tsaye a tsakiyar jinyar rumatoyid shi ne metotirekset, tsohon magani mai sauƙin kuɗi idan aka kwatanta da sababbin. Sau ɗaya a mako ake shan sa, kuma shan sa kullum bisa kuskure ya kashe mutane. Ana haɗa shi da folik asid, ana duba jini da hanta lokaci-lokaci, mai ciki ko mai shirin ɗaukar ciki kuma ba ta shan sa. Yakan ɗauki makonni kafin a ga aikinsa, abin da ke sa masu gajen haƙuri su watsar su koma kemis. A ganina wannan ce babbar asarar da ake yi a nan, fiye da rashin magunguna masu tsada, domin watanni uku zuwa shida na farko su ne lokacin da ake da damar tare ɓarnar, kuma su ne watannin da aka fi ɓatarwa a kan man zafi da tsaga da haɗin ƙwayoyi.

Wani abin da ya jinkirta mu shi ne tsohon ra'ayin cewa cutar ba ta cika kama 'yan Afirka ba. A 1968 Brian Greenwood, wanda ke aiki a Asibitin Koyarwa na Ibadan, ya wallafa cewa cututtukan da garkuwa ke juya wa jiki baya ba su da yawa a tsakanin majinyatan asibitin, har ya yi hasashen cewa maleriya da sauran cututtuka ne ke shagaltar da garkuwar. Hasashen ya buɗe ƙofar bincike mai amfani, sai dai ra'ayin ƙarancin cutar ya fi ƙarfin hujjarsa daɗewa a zukata. Asibitocin koyarwa na ƙasar nan yanzu suna ganin masu rumatoyid da lufus a kai a kai, ƙwararrun likitocin fannin kuwa 'yan kaɗan ne, mafi yawansu a manyan birane.

Ga wanda ya isa matakin sababbin magungunan da ke toshe TNF, akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. TNF ɗin ne ke riƙe da katangar ƙwayoyin garkuwa da ke killace ƙwayar tarin fuka mai barci a cikin huhu. A 2001 aka wallafa rahoton mutum 70 da tarin fuka ya tashi a jikinsu bayan sun karɓi irin wannan magani. Nijeriya tana cikin ƙasashen da tarin fuka ya fi yawa a duniya, ciwon hanta nau'in B ma ya yaɗu, don haka gwajin su biyun wajibi ne kafin allurar farko, ko a Abuja za a yi ta ko a Alƙahira ko a Indiya.

Ma'aikacin da ke da inshorar lafiya yakan fara ne daga asibitin da ya yi rajista, daga can ake ba shi takardar turawa. Abin da zai taimaka masa ya samu takardar shi ne bayani dalla-dalla: waɗanne gaɓɓai ne suka kumbura, ko a ɓangarorin jiki biyu ne, minti nawa sandarewar safe ke ɗauka, mako nawa ke nan da farawa. Kumburin ƙananan gaɓɓan hannu ko na ƙafa da ya kai mako shida ya cancanci gwajin ESR da CRP da RF da anti-CCP, kodayake wasu masu cutar gwajin RF da anti-CCP ɗinsu ba ya nuna komai, don haka duba gaɓar da hannun likita bai zama abin tsallakewa ba. Gaɓa ɗaya da ta yi ja ta yi zafi farat ɗaya tare da zazzaɓi kuwa ba ta jiran mako shida, a ranar ake zuwa asibiti, domin tana iya zama ƙwayar cuta ce ta shiga ciki. Ya kamata kuma a tafi da duk ƙwayoyin da aka sha, har da na cikin ledar da babu suna a jikinta.